Idon Tsakar Ramlat

"Malam, me ke cikin kwalin nan da ka rungume shi kamar jariri?"

Kwandastan ne ya tambaya, yana miƙo hannu zai karɓa ya cusa a but ɗin mota tare da buhunan gyaɗa. Malam Abdulmumini ya ƙara matse kayansa a ƙirji. Kwalin taliya ne da ya huhhuda da ƙusa. Ƙarya ta ishe shi a 'yan kwanakin nan, gaskiyar kuma ba ta faɗuwa a tashar Minjibir, inda kowa ya san gonar kowa.

"Damisa ce," ya ce. "Ba ta jin daɗi, asibiti zan kai ta."

Motar ta kwashe da dariya. Wata tsohuwa da ke gefen taga ta ce Allah ya ba ta lafiya, amma dai a riƙe ta da kyau kar ta cinye su kafin Kano. Shi ma ya yi dariyar, har ya fi su, don shi kaɗai ya san wanda ake yi wa.

Bai yi ƙarya ba. Damisa ne sunanta. Sai dai tsaka ce.

'Yarsa Ramlat ce ta zo da ita daga jami'a, inda ta karanci ilimin halittu. Tsaka ce ruwan ɗorawa mai ɗige-ɗigen baƙi, da wutsiya mai ƙiba kamar karas. Ramlat ta ce ba irin ta bangon gida ba ce, asalinta daga wasu duwatsu ne can wajen Pakistan, ba ta hawa bango, ba ta faɗa wa miya, kuma tana da fatar ido tana ƙiftawa kamar mutum. Da aka tura Ramlat bautar ƙasa Ondo, sai ta rasa inda za ta bar ta. Mahaifiyarta Safiyatu ta rantse ba za ta ko kalli akwatin ba. Sai Ramlat ta durƙusa gaban ubanta, ta miƙa masa wata takarda da ta rubuta yadda ake kula da ita.

"Baba, amana na ba ka."

Shi kuwa, shekara arba'in duk gidan da aka ga tsaka a unguwarsu shi ake kira, don takalminsa bai taɓa buƙatar bugu na biyu ba. Yau ga shi, magidanci mai gemu fari, yana ɗaga duwatsu a bakin gona yana kamun gyare, in ya hango mutum sai ya yi kamar ƙasa yake dubawa ko ta isa taki. Akwatin gilashin kuwa ya ɓoye shi a ɗakin ajiya, bayan buhunan dawa.

Wata biyar komai na tafiya daidai. Da bazara ta kankama sai Damisa ta fara kanne ido. Ta kai wa gyare cafka ta cafki iska. Bayan kwana uku idanun suka rufe ruf, ta daina ci, wutsiyar nan ta fara motsewa. Safiyatu ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce a gwada sa mata kwalli. Bai sa ba, amma da ta tafi ya waiga dama da hagu, ya yi addu'a ya tofa wa tsaka. Juma'a biyu Ramlat na kira tana tambaya, yana cewa, "Lafiyarta lau, har ta fi ni ƙiba."

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da ya isa asibitin dabbobi. Farfajiyar cike take da maza masu dabbobin da ake iya faɗar sunansu a gaban surukai: raguna, wani bijimi mai ɗingishi, akuyoyi biyu a bayan babur. Ya samu gefen benci ya zauna, ya rufe kwalin da babbar rigarsa.

"A'a! Malam Abdulmumini? Kai ne a nan?"

Bai buƙaci ya ɗaga kai ba. Zubair ne, dillalin raguna na garinsu, wanda suke zama majalisa ɗaya bayan la'asar, mutumin da labari bai taɓa kwana a cikinsa ba. Duk faɗin Kano, da asibitocinta, da ranakun mako bakwai, sai yau kuma sai nan suka haɗu.

"Ni ne, Zubair. Ya ragon?"

"Zawo yake. Kai fa? Kaza ce?"

"Kusan haka."

Kafin Zubair ya ƙara tambaya, ma'aikacin da ke rubuta sunaye ya kira Malam Abdulmumini. Ya faɗi sunansa da garinsu.

"Wace irin dabba ce?"

"Tsaka," ya ce, can ƙasan maƙogwaro.

"Ɗaga murya, Baba, shanun nan ba sa barin mutum ya ji."

"Tsaka!"

Har bijimin sai da ya juyo. Zubair ya saki igiyar ragonsa, ya riƙe baki.

Likitar, Dakta Tahira, ba za ta girmi Ramlat da yawa ba. Da ta buɗe kwalin fuskarta ta washe kamar an kawo mata tsaraba. Ta ɗauko Damisa a tafin hannu a hankali, ta haska idanun da 'yar fitila. Zubair ya ba wani ajiyar ragonsa, ya zo ya tokare bakin ƙofa.

"Kwana nawa idon yake a rufe?"

"Yau goma sha biyu."

"Baba! Sha biyu?"

"Na ɗauka barci ne ya yi mata yawa."

Ta ce saɓa ce ta maƙale. Irin wannan tsakar tana saɓa kamar maciji, har cikin fatar ido. In wuri ya bushe da yawa, tsohuwar fatar ba ta fita, sai ta taru ta toshe idon, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama.

"Ba a sa mata wani ɗan gwangwani mai damshi a akwatin ba, inda za ta riƙa shiga?"

Ya sosa ƙeya. "Akwai shi. Da jiƙaƙƙen tsumma a ciki. Ni na cire."

"Me ya sa?"

"Na ga kar mura ta kama ta."

Wani sauti ya kuɓuce wa Zubair daga bakin ƙofa. Likitar ta danne tata dariyar da ƙyar.

"To garin sinadarin da ake barbaɗa wa ƙwarin kafin a ba ta fa? Rashinsa ma yana taɓa ido."

"Yana nan, ban taɓa shi ba. Na ce tsakar wa aka taɓa yi wa yaji?"

"Duk ba a rubuta maka ba?"

Ya zaro takardar Ramlat daga aljihu, ta yi laushi don ninki. Dakta Tahira ta karanta, ta miƙo masa. "Wadda ta rubuta wannan ta san aikinta. Da an bi shi, da ba ka zo nan ba."

"Ai matsalar ke nan, Likita," ya ce. "Ta bar wa mai wayo."

Ta sa shi ya riƙe Damisa, yatsa ɗaya a bayan kai, ban da wutsiya, don in ta tsorata sai ta yar da ita. Bai taɓa riƙe ta da hannu ba. Da cokali yake tura mata gyare. Ya ji jikinta da laushi, da ɗan sanyi, haƙarƙarinta na motsi a kan yatsunsa masu kanta. Likitar ta riƙa ɗiga ruwan wanke ido, tana jira, tana ƙara ɗigawa. Can ta sa ɗan tsinke mai auduga ta janyo wani farin abu kamar ɓawon albasa daga idon hagu. Na daman ya fi wuya, sai da ta yi ta lallaɓawa.

Damisa ta fito da harshe ta lashi idonta na hagu. Fatar ta motsa, ta buɗe kaɗan, ta rufe, sannan ta buɗe sosai. Ido ne ruwan toka mai baƙin tsagi a tsakiya, kuma shi yake kallo.

"Alhamdu lillahi!" Muryarsa ta cika ɗakin, har ma'aikacin waje ya leƙo. Ya ji damshi a kumatunsa, ga hannayensa biyu duk a riƙe da tsaka, ba halin sharewa.

Idon dama bai buɗe ba. Likitar ta ce akwai gyambo a ciki, wataƙila ya warke, wataƙila ya tafi ke nan. Ta ba shi maganin ɗigawa, sau uku a rana har mako biyu, ta ce a mayar da gwangwanin da tsummansa, a riƙa barbaɗa garin, ya dawo da ita ranar Talata ta sama.

A farfajiya Zubair ya tare shi, yana share hawayen dariya da hularsa.

"Malam, ni dai na san ana samun lada a kashe ta. Ladan kai ta asibiti ne ban taɓa jin malamai sun faɗa ba."

"Na san kafin in isa gida labarin ya riga ni," in ji Malam Abdulmumini. "Ka faɗa, ban hana ka ba. Har kukan ka faɗa. Amma ka faɗa daidai, ido ɗaya ya buɗe."

Ya fito bakin titi, ya samu inuwar wata darbejiya, ya ajiye kwalin a kan cinyarsa, ya kira Ramlat. Bai bari ta gama gaisuwa ba. Ya faɗa mata duka, da tsumman, da garin, da Juma'a biyun da ya ce lafiya lau.

"Baba, kai da kanka ka shiga mota da ita har Kano?"

"A kwalin taliya."

Ya ji ta ja hanci, bai gane ko dariya ce ko kuka ba.

"Laifina ne, Baba. Na ɗora maka abin da ba ka saba ba, ga damina na zuwa, ga aikin gona. Ka ga, akwai ƙawata Maimunat da muka yi karatu tare, a Rijiyar Zaki take. Jiya ma ta ce in dai ana so za ta riƙe ta har in dawo. Tunda kana cikin gari, ka hau adaidaita ka kai mata yanzu, zan turo maka lambarta. Ka huta."

Wata biyar yana roƙon Allah ya kawo masa irin wannan maganar. Ya leƙa ta ɗaya daga cikin hujojin kwalin. Ba ya ganin komai sai ɗan motsi.

"Ita Maimunat ɗin, aiki take zuwa?"

"Tana koyarwa, amma da yamma tana gida."

"To wa zai ɗiga na azahar?"

"Baba…"

"Kuma a Rijiyar Zaki, duk siminti, ina za ta samu gyare? Ba ta ma ga yadda likita ta ce a riƙe kan ba. Sai ta je ta kama wutsiya."

"Baba, Maimunat digiri gare ta a wannan fannin."

"Ni ma yau na yi nawa," ya ce. "Ki gaishe ta dai."

Wani mai adaidaita ya taka birki a gabansa, ya leƙo. "Baba, ina zuwa?"

Malam Abdulmumini ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya shiga da kwalinsa a gaba.

"Tashar Minjibir. Kuma ka bi ramukan nan a hankali, da mara lafiya nake."