Tumbin Alhaji Uwaisu

Shekarun da kuɗin fetur suka malalo ƙasar nan, ina da rumfar fura a bakin shingen Jibiya, kuma a kan idona Uwaisu ya yi arziki. Manyan motoci uku gare shi masu zuwa Maraɗi, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya. Abu ɗaya Allah ya hana shi, tumbi. Mutum kamar sillen kara. Wani sabon ɗan kwastan ya taɓa ce masa, "Kai direba, kira mini maigidanka." Ranar ko furata bai iya sha ba.

Sai Ɗantala, mai yawon tallar magani daga Maraɗi, ya kawo masa wasu ƙananan fararen ƙwayoyi na ƙiba. Cikin wata biyar fuska ta zama faifai, wuya ya yi tozo, tumbi ya turo babbar riga. Ƙafafu kuwa suna nan kamar na zalɓe, amma wa zai ɗaga rigar Alhaji ya duba?

"Inna Rabi'a, ya kika gan ni?"

"Na ga kumburi, Alhaji."

"Hassada dai, tsohuwa!"

To, jandarmomin Maraɗi suka kama Ɗantala da jakarsa, ƙwaya ta yanke. Bayan kwana uku, Alhaji ya zo rumfata yana layi, ya yi amai, ya zube a kan ƙwaryata. Muka kwashe shi sai wurin Malam Shawulu, malamin asibiti. Ya auna shi, ya karanta kwalbar ƙwayar da ke aljihun Alhaji, ya tsira masa allura da sauri.

Da ya farfaɗo, Malam Shawulu ya ce, "Alhaji, saura kaɗan. A saman kowace ƙoda akwai ɗan ƙullutu mai zuba wani sinadari cikin jini, shi ke riƙe ƙarfinka. Wani ƙullutun a ƙasan ƙwaƙwalwa ke aiko masa saƙo ta jini, a ƙara ko a rage. Ƙwayar nan irin sinadarin ce. Da na ƙwaƙwalwa ya ga jini ya cika, sai ya daina aike, na ƙoda suka kwanta barci. Yau ba na waje, ba na gida."

Na ce, "Kamar 'ya'yana ke nan, da suka rataye fartanya don shinkafar buhu."

"Haka ne, Inna. Za mu mayar da shi kan ƙwayar, mu riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har su farka."

Alhaji ya shafa ciki. "Tumbin fa, Malam?"

"Ko shi ko ranka."

Wallahi sai da bawan Allahn nan ya yi tunani! Ina tsaye, fura duk a zanena, yana kallon rufi yana auna su.

Ya dai zaɓi rai. Bayan damina ya koma sillensa. Daga nan riga uku yake jibgawa, ko a tsakiyar bazara, ya zo rumfata yana zufa yana neman mai sanyi.