Ka Jira Ƙaninka

A ƙungiyar babu mai kiransa da sunan yanka. Gangare suke ce masa, saboda in hanya ta sunkuyo daga saman dutse, a cikin masu tseren keke ba wanda ke iya bin sawunsa. Ya daɗe a sana'ar har furfura ta fara leƙo masa ta gefen kunne, amma bai taɓa cin zango ko ɗaya, wato tseren yini guda, a babban tsere ba. Aikinsa tsaga iska. Shi zai shiga gaba iska ta yi ta dukan ƙirjinsa, wani kuma ya fake a bayansa yana ajiyar ƙarfi, sai an kusa ƙarshe mai fakewar ya fito ya ci. Ya yi wa mutane da dama wannan aiki bai ji zafinsa ba, sai da mai fakewar ya zama ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya.

Shi ya koya wa Auta keke, shi ya riƙe masa sirdi a layin bayan gidansu har ƙafarsa ta zauna a feda. Shi ya roƙi Koci, mai horar da ƙungiyar, ya gwada shi. Ashe Allah ya yi wa Auta huhu irin wanda ba a saye a kasuwa. In ana hawan dutse kowa na haki, shi kamar an aike shi shagon bakin layi. Yanzu ga shi a tseren makonni, shi ne na biyu a jimillar lokaci, tazara kaɗan ce tsakaninsa da wanda ke sanye da rigar jagora.

Ɗaki ɗaya aka ba su a otal. Gefen Auta cike yake da furanni da kwalayen kyauta, gefen Gangare kuwa akwati ne a buɗe da safa biyu da ya shanya a jikin taga. Da safen ranar babban dutse wayarsa ta yi ƙara, fuskar matarsa ta fito.

"Baban yara, ga 'yarka ta hana ni sakat."

Yarinyar ta cika wayar da goshinta. "Abba, ina Baffa? Ba shi in nuna masa rigata."

Rigar mai hoton Auta ce. Gangare ya miƙa wayar, ya sunkuya yana ɗaure takalmin da ya riga ya ɗaure. Da wayar ta dawo hannunsa, mahaifiyarsu ce ke kai.

"Babba, an ce hanyar yau ba ta da kyau. Ka kula min da yaron nan."

"Inna, ai ni ma hanyar zan bi."

"Kai ai ka saba," in ji ta.

A cikin bas ɗin ƙungiya Koci ya haska taswira a allo. Tsohon ɗan tsere ne da tumbi ya kama, ba ya magana sai da biro a hannu yana nuni.

"Mai riga ya fi mu mutane," ya ce. "In muka jira ƙarshe muka ce ƙarfi da ƙarfi, a na biyu za mu koma gida. Don haka yau caca za mu yi. In ta yi ruwa rijiya, in ba ta yi ba masai. Gangare, da an tashi za ka ɓalle tare da masu ɓallewa, ka yi gaba abinka. Auta, kai kuma a tsakiyar babban dutse za ka kai hari, tun da sauran tafiya mai nisa, inda ba wanda zai zata. In ka kuɓuce musu, yayanka na gaba. Shi zai sauko da kai, ya ja ka a kwarin har gindin tudun ƙarshe."

"In kuma bai kuɓuce ba fa?" Gangare ya tambaya.

"To zangon ya zama naka. Ka je ka ci abinka."

Auta ya juyo ya yi masa murmushi. Gangare ya mayar masa, amma a ransa ya kama kansa yana fatan abin da bai kamata wa ya yi wa ƙaninsa fata ba.

Aka tashi cikin yayyafi. Gangare ya ɓalle tare da wasu tsiraru, ayarin ya ƙyale su don ba mai barazana ga riga a cikinsu. Suka yi ta karɓa-karɓar iska har gindin dutsen. Da hawa ya yi tsanani abokan tafiyar suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ranar ƙafafunsa kamar aro ya yi, ko nauyi ba ya ji. Can ya waiga ya ga ba kowa a bayansa sai babur mai kyamara.

Bai taɓa zama shi kaɗai a gaban babban tsere ba. 'Yan kallo sun cika gefen hanya cikin rigunan ruwa suna buga ƙarfen shinge. Ya tuna 'yarsa na gaban talabijin, yau dai dole ta ga ubanta. Wani mai lema ya biyo shi da gudu yana ihu, "Yayan Auta, taka." Ko wannan bai ɓata masa rai sosai ba, don ya san in ya kai ƙololuwa shi kaɗai, gangaren nasa ne, ba mahalukin da zai kamo shi.

Sai rediyon kunnensa ya yi ƙara.

"Auta ya ɓalle," in ji Koci. "Mai riga ya kasa binsa. Gangare, sassauta. Ka jira ƙaninka."

Ƙafafun Gangare suka ci gaba da juyawa.

"Kana ji na?"

Kowane ɗan tsere ya san ƙaryar da ake yi a irin wannan wuri: ruwa ya shiga rediyo. Ya juya ta a bakinsa, ya ji daɗinta. Ya sha kwanar hanya ɗaya, ya sha ta biyu, Koci na ta kira. Sai da ya ga tutar ƙololuwa sannan ya danna maɓallin ƙirjinsa.

"Na ji."

Ya daina taka feda. A saman dutsen ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa kusa da wata katangar duwatsu, sanyi ya shiga ratsa jiƙaƙƙiyar rigarsa. Biyu daga cikin waɗanda ya zubar a hanya suka iso suka wuce. Ɗayansu, wani siriri da sun daɗe suna haɗuwa a tsere, ya dube shi ya girgiza kai. Wannan kallon tausayin ya fi sanyin cin rai. Babur mai kyamara ma bai tsaya tare da shi ba, ya juya neman inda labari yake.

Ihun mutane ne ya fara sanar da shi Auta ya iso. Ya fito daga cikin hazo baki buɗe, fuska ta yi fari fat.

"Yaya," ya ce. Iyakar abin da numfashinsa ya bari ke nan.

Gangare ya tura keken ya shiga gabansa.

Ya san yadda ake sauko da jagora a jiƙaƙƙiyar hanya: a taɓa birki da wuri, a buɗe kwana, a bar wa na baya wurin kuskure. Ya yi wa wasu haka sau ba adadi. Amma yau bai yi niyyar yin hakan ba. A ransa ya ce, tunda kai ne gwanin gidanmu, bismilla, biyo ni. Ya kwanta a kan keken, ya janye yatsunsa daga birki.

Kwalta na sheƙi kamar an shafa mata mai. Ya shiga kwanar farko a makare, ya fita gwiwarsa na shafar ciyawar gefe. Ya shiga ta biyu fiye da haka. Ruwan da taya ke fesowa na dukan haɓarsa.

"A hankali," in ji Koci. "Gangare, a hankali, kar ka kashe min yaro."

Yaro dai, yaro dai. Ya fizge rediyon daga kunne ya bar shi yana lilo a kafaɗa.

Can ƙasa akwai wata kwana da ruwa ya tsallaka hanya ya kwaso tsakuwa. Ya gan ta sarai, kuma ya san ya kamata ya ɗaga hannu ya gargaɗi na baya. Bai ɗaga ba. Tayarsa ta baya ta zame, ƙarfen shinge ya taso masa, bayan ƙarfen kuma ba komai sai hazo da zurfi. Da ƙyar ya dawo da keken kan layi. A bayansa ya ji ƙugin birki, daga nan shiru.

Ya kasa waigawa. Fuskar Inna ce ta zo masa, da abin da zai ce mata. Sai ya ji 'yar ƙarar sarƙa daf da shi, ya saci kallo ta ƙarƙashin hammata, ga tayar Auta manne da tasa.

Ya yi hamdala, har idonsa ya kawo ruwa. Amma a ƙarƙashin hamdalar akwai wani ɗaci da ya ƙi tafiya: ko a nan, a wuri ɗaya tak da yake nasa, yaron nan bai bar masa ba.

A kwarin ya ja Auta da duk abin da ya rage masa, har ƙafafunsa suka mutu a gindin tudun ƙarshe. Ya kauce gefe, Auta ya wuce ko waige babu. Siririn nan ne ya ci zangon. Auta kuwa ya iso da tazarar da ta ishe shi ƙwace riga.

Lokacin da Gangare ya lallaɓo ya tsallaka layi, an riga an fara kiɗa a dandamali. A babban allo ana ta maimaita saukowar, an zana da'ira a kan Auta, mai sharhi na cewa bai taɓa ganin matashi mai ƙarfin zuciya a gangare irin wannan ba. Na gaban kuwa ba a ko ambace shi ba. Bakaniken ƙungiya ne kawai ya karɓi kekensa, ya yafa masa tawul.

Da yamma yana kwance a ɗakin tausa, fuska cikin ramin gado, Auta ya shigo da sabuwar rigar a hannu. Mai tausa ya goge hannunsa ya ba su wuri.

"Yaya, ka san ban ga hanyar nan ba?" Auta ya zauna a bakin gadon. "Ruwa ya rufe min tabarau. Tayarka kawai nake kallo. Na ce tunda Yaya ya shiga, to akwai hanya."

Gangare ya so a ce faɗa ya zo yi. Da ya zo da zagi, da ya san abin da zai mayar.

"A wajen tsakuwar nan na ɗauka shi ke nan," Auta ya ci gaba, yana dariya. "Sai na tuna ba za ka taɓa kai ni inda zan faɗi ba." Ya ajiye rigar kusa da kan yayansa. "Ka kai wa 'yata wannan."

"Ka ba ta da hannunka," in ji Gangare, bai ɗago ba. "Kai take nema."

Washegari a filin ajiye motoci, inda bakanikai ke wanke kekuna da tiyo, Koci ya ja Gangare gefe.

"Ni na taɓa tsere, na san abin da na gani jiya. Allah ya rufa asiri abin ya yi kyau. Ba zan sake maganar ba."

Koci bai gama juya baya ba wani mutum mai tsohuwar jaket ya matso. Kocin wata ƙaramar ƙungiya ne, mai bas ɗin da hayaƙinsa ke riga shi isowa.

"Ba mu da abin da suke da shi," ya ce. "Tserenmu ƙanana ne, otal ɗinmu sai haƙuri. Amma a wurinmu ba wanda za ka tsaya jira a kan dutse."

Gangare ya ƙarasa tseren yana tsaga wa ƙaninsa iska har Auta ya kai rigar gida. Bayan an gama biki ya gaya masa zai tafi. Auta ya yi ta tambayar laifin da ya yi, Gangare ya ce babu, kuma gaskiya ya faɗa.

A sabuwar ƙungiyar shi ake tsaga wa iska. Ya zo na uku sau ɗaya, na biyu sau ɗaya, cin dai bai zo ba tukuna. Wata rana bayan sun gama wani ƙaramin tsere, suna zaune a bas ana jiran direba, wani ya kunna talabijin. Babban tsere ake nunawa, ga Auta yana saukowa daga dutse a bayan wani dogon baƙo da aka ɗauko ya maye gurbin yayansa. Da suka kai ƙasa Auta ya miƙa hannu ya dafa bayan mutumin.

Gangare ya ji ɗacin nan ya dawo masa, sabo fil.

"Wannan bai iya ba," ya ce. "Dubi inda yake taɓa birki."

"Ai kuwa sun sauko lafiya," in ji na kusa da shi.

Gangare ya matsa gaba kusa da talabijin ɗin, ya ce a ƙara murya.