Linzamin da Dwight Ya Cire

Kwalin cif-cif, 'yan ƙwayoyin lantarkin nan na silikon, da suka dawo daga masana'anta. Allon gwaji. Na'urar awo. Dirayar busar da gashi ta ƙanwata. Burito, naɗin gurasa da nama, rabin ci. Su ne a kujerar gefena, ina tuƙi a titin Chandler, rana na dukan gilashi.

Ni na zana amfilifayar da ke cikin cif ɗin, mai ƙara wa raunannar wuta ƙarfi, don injin auna bugun zuciya na wani kamfani da ya ba mu aikin. Tagwayen taransista, 'yan ƙofofin wuta, ne a bakinta, suna sauraron bambancin da ke tsakanin waya biyu na jikin majiyyaci. Tagwayen silikon ba sa fitowa daidai wa daida, shi ya sa na yi musu linzami: ɗan kewayen lantarki mai duba wutar da ke fita, in ta kauce ya jawo ta tsakiya. Ina hutu Dwight Halvorsen, shugaban sashenmu, ya cire shi don rage fili a kan cif ɗin. Haruffan sunana kuwa ya bar su a kusurwar cif ɗin, inda mai zane ke sa nasa bisa al'ada.

Na same shi a ofis yana shan kofi.

"A'a, Dakta Itzel 'yar Holan! Gyaran gashi za a yi mana?"

"Naka zan gyara, Oga. Matsar da kofin."

Na jona allon da na'urar awo. Layin awo ya zauna a tsakiya, bugun gwaji na tsalle a kansa.

"To ga shi," in ji shi. "A kwamfuta ma haka ya yi."

"A kwamfuta tagwayen kamarsu ɗaya sak. Kuma kwamfuta ba ta san zafin Arizona ba."

Na kunna dirayar, na hura wa cif ɗin. Layin ya soma hawa, ya hau, ya manne a sama. Bugun ya ɓace.

"Wa zai hura wa majiyyaci diraya?"

"Motar asibitin da ta wuni a rana."

"Ke dai Turai ta koya miki tsoro. A ɗakin gwaji yana wucewa. Mako mai zuwa masana'anta za ta fara buga shi da yawa. Linzaminki ya jira zubi na biyu."

"Majiyyacin ma ya jira zubi na biyu?"

"Kar ki yi min wa'azi, yarinya. Tun kina rarrafe nake wannan aikin."

"To sa sunanka a kusurwar mana, tunda kai ne babba."

Ya yi dariya. "Zanenki ne ai. Ni ɗan aski kawai na yi masa."

Na naɗe wayar dirayar a hannu, na tattara allon da kwalin. Bai ɗago daga kofinsa ba.

Na fita, na ja ƙofar ta rufu garam. Ba za a buga silikon nan da sunana ba, kuma gobe masu injin za su ga abin da diraya ke yi masa.