Goyon Katako

Duk ɗan dakon da ya taɓa hawowa daga Komersiyo, unguwar bakin teku, zuwa Pelurinyo da ke saman tudu da buhu a ka ya san Altine mai ƙosai, domin daidai inda numfashin mutum ke ƙarewa ta dasa kaskonta. Ƙosanta na manja ne irin na mutanen Bahiya, birnin da aka kawo ta bauta a ƙetaren teku, amma bakinta na Zazzau ne, bai sauya ba tun da aka kamo ta tana yarinya. In ka raina mata ƙosai za ta sayar maka, ta haɗa maka da tarihin kakanka kyauta.

Ta samu 'yanci, sai dai ta same shi a makare, bayan ta haifi ɗanta Haruna a gidan wani attajirin sukari. Uwa ta fita, ɗa ya zauna bawa. Ya girma ya zama ƙato, yana dako a tashar jiragen ruwa, abin da ya samu ya kai wa ubangidansa. Kullum sai ya bi ta gaban kaskon, kullum kuma sai Altine ta kau da kai kamar ba ta gan shi ba, saboda ɗan fari ne, mace kuwa a garinsu ba ta kama sunan ɗan fari. Teku ta cinye mata abubuwa da yawa. Har sallar da ta fara koya ta bi ruwa, ba abin da ya rage mata sai Bisimilla. Amma wannan kunyar ta tsallako da ita lafiya lau. “Yaron nan” take ce masa. Ƙosai ma ba ta miƙa masa, sai ta naɗe a ganye ta ajiye gefe ta ce, “Wani ya manta wannan.” Shi kuma ya ce, “Allah sarki, bari in kai masa,” ya koma bayan bango ya cinye.

Wata safiya Haruna ya zo ya tsuguna, bai ko dubi ganyen ba.

“Inna, sukari ya faɗi,” ya ce. “Maigida zai sayar da mu kudu, gonakin gahawa. Jirgin da ake wa gyara a tasha, da ya gama shi zai kwashe mu.”

“To, sai ka tashi mini daga gaban wuta,” in ji Altine.

Ya tashi ya tafi. Ƙosan da ke cikin mai ya ƙone ƙurmus tana kallonsa. Kowa ya san wanda aka kai kudu ba ya dawowa, ko labarinsa ba ya dawowa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba tun cikin jirgin da ya kawo ta. Ba ta kuma da wurin kai kuka, don tsofaffin malaman da suka rage bayan tarzomar bayi Musulmi ta shekarun baya, wasu sun mutu, wasu an mayar da su ƙetaren teku inda aka kamo su.

Benedita ce ta ga hayaƙin. Bayarabiya ce mai sayar da kwakwa a gefenta, 'yar cocin baƙaƙe da ke saman tudu, ba ta taɓa jin matsala ta rasa waliyyin da ke kula da ita ba.

“Ƙawata, wannan aikin Waliyyi Antoniyo ne,” ta ce. “Shi ke dawo da abin da ya kufce wa mutum. Sai dai ba ya jin lallashi. Wasu kan rataye mutum-mutuminsa na katako kai ƙasa a rijiya. Amma in sauri kike, ki zare jaririn nan da ke hannunsa ki ɓoye, ki gaya masa ba zai ƙara ganinsa ba sai ya yi miki aiki.”

“Waliyyin naku da garkuwa ake hulɗa da shi?”

“Ni dai haka na samu miji.”

Altine ta san mijin, don haka ba ta ga abin yabo a aikin ba. Amma wanda ruwa ya kai wa wuya ba ya zaɓe. Ta ce a ara mata Antoniyon. Benedita ta ce ai nata ya sha cirewa da mayarwa har hannunsa ya karye, kafinta ya manne jaririn da danko, yanzu ko da adda ba ya fita.

A hanyar gida Altine ta yi wani tunani da ta ga ya fi na Benedita hankali. Akwai Antoniyo a falon gidan attajirin, na uwargida Dona Firmina, cikin wani ɗan akwatin gilashi. Tana baiwa ta sha goge masa ƙura. Wannan ya san maigidan, yana jin duk abin da ake ƙullawa a falon, ya kuma ga yaron tun yana rarrafe. Me zai kai ta wurin baƙon waliyyi da sai an yi masa bayani tun daga farko?

Washegari ta kai ƙosai ta ƙofar kicin ɗin gidan attajirin yadda ta saba, ta faki idon kuku, ta shige falo. Ta durƙusa ta gaishe shi tukuna, don ba a yi mata tarbiyyar banza ba.

“Malam Antoniyo, ni ba ni da rigima da kai. Yaron nan nake so a bar mini. Ranar da aka bar mini nawa, ka ga naka.”

Ta zare jaririn, wanda tsawonsa bai wuce masara guda ba, ta cusa a ƙirji ta fice.

Benedita ta ce a wuri mai duhu ake ɓoye shi. Altine ta jefa shi a tukunyar wake ta rufe, ta kai bakin ƙofa, sai ƙafarta ta ƙi gaba. Jariri a tukunya! Ta dawo ta buɗe. Ga shi kwance tsirara cikin wake, ya ɗaga 'yan yatsu biyu kamar mai neman a ɗauke shi. Ta tsine wa wanda ya sassaƙa yaro bai sassaƙa masa riga ba, ta yagi gefen tsohon zaninta ta ɗinka masa 'yar taguwa. Da za ta fita kasuwa ta rasa wanda za ta bar wa shi, sai ta goya shi.

'Yan dako suka samu abin yi. “Iya Altine, barka da arziki! Yaushe suna?” Wani ya ce a nuna musu uban su gaishe shi da ƙoƙari. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da baki har sai da suka manta gajiyar hawa. Amma in hayaƙi ya juyo sai ka ga ta karkata baya, in mai ya yi tsalle ta kare da hannu. Akwai wanda ya rantse ya ga ta dangwala kunu da yatsa ta kai bayanta. Ita ta ce ƙarya ne, ƙaiƙayi take sosawa.

Can gidan attajiri kuwa duniya ta tashi. Kuku ya kawo labari cewa Dona Firmina ta sa an zazzage kowane akwati, ta rufe tagogi, ta daina cin abinci, tana zaune gaban waliyyi tana kuka. A tasha kuma an fara ɗaura wa jirgi sababbin igiyoyi.

Da Benedita ta gane jaririn wa ke bayan Altine, sai da ta zauna a kan kwakwarta.

“Kin kashe mu! Wa ya ce ki ɗauko na Turawa? To wane suna kika faɗa masa?”

“Na ce yaron nan.”

“Yaron nan! Bahiya cike take da yaran nan. Wanne zai ceta?”

“Ya san wanda nake nufi. Bar shi ya ji yadda ake ji in an raba mutum da ɗansa.”

“Wane ɗansa? Antoniyo ko aure bai yi ba. Riƙo aka ba shi.”

Altine ta saki matsamin ƙosai. “Riƙo? Wato ɗan mutane na fizge a hannun mai raino? Ina uwar?”

Benedita ta ja ta suka hau tudu zuwa cocin, inda Altine ta yi shekaru tana wucewa ba ta taɓa leƙawa ba. A wani lungu, bayan kyandirori, akwai siffar wata mace cikin baƙaƙen tufafi, an soka mata takobi a ƙirji. Benedita ta ce ita ce Maryamu, uwar Yesu. Altine ta san sunan, ta taɓa jinsa a bakin kakarta, amma ba wanda ya gaya mata an yi wa matar haka.

“Wa ya soke ta?”

“Baƙin ciki ne. Da yaron ya girma hukuma ta kama shi, suka aza masa gungume a kafaɗa ya hau tudu da shi, suka kashe shi a can. Tana tsaye tana kallo.”

“Ba ta ce komai ba?”

“Ta dai tsaya, ba ta tafi ba.”

Altine ta daɗe tana duban fuskar. Sannan ta kwance goyon, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa kamar wadda ta zo gaisuwar mutuwa.

“Baiwar Allah, ki gafarce ni, ban san naki ba ne. Ashe ke ma an yi miki. Ga shi, ban bar shi da yunwa ba.” Ta gyara wa jaririn taguwarsa. “Nawa ma dako yake yi. Sunansa Haruna.”

Tun da ta haife shi sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Da ya fita sai ya ƙi tsayawa, ta yi ta maimaita shi tana kuka, har Benedita da ta zo rarrashi ta fi ta kuka.

Daga nan gidan attajiri ta nufa, ta ƙofar gaba kuwa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba a bar mata nata ba, jirgi na nan yana shiri, ta kuma san akwai bulala a kan abin da ta yi. Ta tarar da Dona Firmina ta rame, idanu sun kumbura. Ta miƙa mata jaririn. Matar ta yi ƙara, ta rungume shi tana sumbata, sai ta tsaya.

“Wa ya sa masa riga?”

“Ni ce. Tsirara kuka bar shi, ga falon nan da iska.”

“A ina kika tsince shi?”

“Ban tsince shi ba, Dona, ɗauka na yi. Na so in matsa wa Antoniyo, ashe ba shi ke da yaron ba.” Ta gyara tsayuwa. “Dube ki. Naki na katako ne, kwana kaɗan ya yi ba ya nan, kin zama haka. Nawa mai jini ne, ni na goya shi a kicin ɗin gidan nan, kuma inda za ku kai shi ba mai dawo mini da shi.”

Dona Firmina ta buɗe baki za ta kira a kama ta. Ta dubi ɗinkin rigar, ta rufe bakin. Ta mayar da jaririn hannun waliyyi da rigarsa, ta wuce ɗakin mijinta ta turo ƙofa.

Abin da aka faɗa a ciki ba wanda ya ji duka, amma har kan titi an ji ana tuna wa maigida cewa gidan da sukarin duk na uban matarsa ne, an kuma ji fashewar faranti. Da yamma aka gaya wa Haruna ya koma dakonsa, ba ya cikin masu tafiya. Benedita ta ce aikin Antoniyo ne. Kuku ya ce aikin faranti ne, shi ya share su.

Altine ba ta shiga gardamar ba. Ta fara zuwa wurin tsohon Fada na cocin yana koya mata addu'o'i, tana yi musu kwaskwarima da harshen Zazzau, yana haƙuri. A ɓoye aka sauke su daga jirgin bayi a Bahiya tana yarinya, ko ruwan da ake yayyafa wa sababbin bayi bai same ta ba, don haka sai da aka yi mata baftisma sosai, aka sa mata Mariya. Da Fada ya tambaye ta ko ta tuba da satar, ta ce ta tuba, musamman tukunyar wake.

Amma in ka tambaye ta yaushe ta shiga addinin, ba ranar ruwan take faɗa ba, ranar tashin jirgi take faɗa. Ba ta da kowa a ciki, duk da haka ta rufe kasko ta gangara Komersiyo. Ta ga an jero mutane ana tura su cikin kwalekwale, Haruna na can gefe da buhu a ka, ya kasa ɗaga ido ya dubi abokansa. Murna ta cika ta, kunyar murnar kuma ta fi murnar yawa. Da jirgi ya yi nisa mutane suka watse, aka bar wata tsohuwa mai wanki tsaye a bakin ruwa, riƙe da ƙunshin abincin da ba a bar ta ta miƙa wa 'yarta ba. Altine ba ta san ta ba, ba ta ma san yarenta ba. Ta je ta karɓi ƙunshin, ta kama hannunta.

“Taso, Yaya,” ta ce. “Akwai wata a saman tudu, ita ma an ɗauke mata nata. Mu je mu zauna wurinta.”

Tsohuwar ta bi ta. Hawan da tsawo, suka yi ta tsayawa suna hutawa.