Ƙasar Gindin Mangwaro

Ranar da za mu bar tsibirin Langkawi, tun da hantsi na sake bin ragar da na ɗaure a gefen jirgin ruwan don kada 'yarmu ta faɗa teku, ina jan kowane ƙulli da hannuna. Mijina Rosli shi ne matuƙi, ni ke girki. Jirgin ba namu ba ne, na wani attajiri ne da ke jiransa a Maldives: kwale-kwale biyu dogaye da aka haɗa da falo a tsakiya, ɗakunan kwana huɗu, ko'ina fari fat, ba a hawa da takalmi. Kwana goma sha biyu za mu yi iska na tura mu, babu tudu.

'Yarmu Melur watanta bakwai. Wata guda ke nan mahaifiyata, wadda muke kira Mak, take cewa in bar mata ita. Ni kuwa na ce ko dai mu tafi tare, ko in sauka in bar aikin. Amma ban taɓa tafiya Mak ba ta sa mini albarka ba, kuma kwana uku ba ta ɗauki wayata ba.

Sai ga ta a bakin gadar da ake ɗaure jirage, ta rungumo babban faranti an rufe da zane. Na ƙara matse Melur.

"Mak, ki cire takalmi," in ji Rosli, yana miƙa mata hannu.

"Na sani, sarkin tsabta. Jirgi ne wannan ko asibiti?"

Ta hau, ta leƙa ragar, ta ɗaga ƙaramar rigar Melur mai hana nutsewa da igiyarta mai ƙugiya, ta ja da ƙarfi. Ba ta tsinke ba.

"Mak, idan kin zo ɗaukarta ne..."

"Azura, rufe mini baki. Ke da kika iya lissafin garin madara har na wata biyu, ƙafar yarinyar nan ta taɓa ƙasa?"

Ba ta taɓa ba. A gidanmu ba a sauke jariri ƙasa sai an yi masa al'adar taka-ƙasa. Melur kuwa daga asibiti sai jirgi, daga hannuna sai zanen da muke ratayawa ta kwana a ciki. Na tanadi maganin zazzaɓi, na tanadi hula uku, wannan kam na manta da shi.

Mak ta yaye zanen. Ƙasa ce ja, mai danshi, da 'yar shinkafa mai ɓawo a gefe, da zobenta na aure a kai, yadda al'adar ta tanada.

"Daga gindin mangwaron bayan gida na haƙo, inda aka binne cibiyarki. Wanda bai san ƙasa ba, ina zai san hanyar dawowa?"

Rosli ya kalli ƙasar, ya kalli farin daɓen. "Mak, ko mu yi a kan gada?"

"A nan za ta zauna, a nan za ta taka. Kawo ta."

Ban iya miƙa ta nan take ba. Mak ba ta ƙwace ba, ta dai ɗora hannunta a kan nawa, muka sauke ta tare tana yin bismilla. Melur ta naɗe ƙafafu kamar an kai ta ruwan zafi. Can ta saki ɗaya, ta nutsa yatsu cikin ƙasar, ta ƙyalƙyale da dariya. Kafin mu ankara ta buga ƙafar a daɓe, sawu ya fito ja, ɗan mitsitsi.

"Shi ke nan, an kore ni," in ji Rosli.

"Kai da soso kuke kwana, goge mana," in ji Mak.

Ta juye sauran ƙasar a gwangwanin biskit, ta danna murfin sosai, ta sa mini a hannu.

"Kullum da safe ki sa ta taka. Kuma igiyar rigarta, ko bayi za ki shiga, kada ki kwance."

"Ba zan kwance ba, Mak."

Ta shinshini kan Melur, ta daɗe, sannan ta shafa nawa kan, ta ce Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu. Ta sauka ta sa takalminta. Ita da kanta ta kwance igiyar jirgin ta jefo wa Rosli.