Ɗan'uwa na Kusa

Karo na uku ke nan nas ɗin tana turo wa Dogo takardar ta ƙasan gilashi, ta ɗora yatsa a kan layin da bai cike ba.

"Malam, nan fa. Mene ne alaƙarka da marar lafiyan?"

Baba Kafinta na kwance a ɗaki na huɗu, hanjinsa ya murɗe, likita ya ce ba za a shiga da shi tiyata ba sai wani nasa ya sa hannu. Takardar da Turanci take, kuma abin haushin, Dogo ya karanta ta tsaf. Wata biyu yana zuwa ajin manya, darasin makon nan ma a kan dangantaka aka yi shi. Malamar ta ce kalmomin Turanci bibbiyu suke tafiya, kowace da abokiyarta: ɗan'uwa na kusa, dangi na nesa, zumunci mai ƙarfi, yanke alaƙa. Ya haddace su tas, har a wurin aiki yakan maimaita su yana goge katako. Yau ga ranar amfaninsu ta zo, ya duba kaf, babu wadda ta yi daidai da shi.

"Babana ne," ya ce.

"Shi ya haife ka?"

"Shi ya raine ni. Ina shekara tara ya ɗauke ni a shagonsa. Shi ya koya mini riƙe zarto, shi ya yi mini aure. Shekara ashirin da shida, 'yar'uwa!"

"Na ji, yayana, wallahi na ji. Amma gurbi biyu ne a nan, na kusa ko na nesa, kuma duk na jini ake nufi. Ba shi da ɗa?"

Ran Dogo ya ɓaci har wuya. Akwai ɗa mana, wanda rabonsa da taka ƙofar shagon tun rasuwar uwarsa, shekara bakwai ke nan. Dogo ya koma gefe ya kira shi a waya, yana yi masa magana a hankali kamar mai neman alfarma, don ya san in ya ɗaga murya, tsohon ne zai ji a jikinsa.

Sai da awa biyu ta wuce ɗan ya iso, yana kaɗa makullin mota. Ko gaisawa ba su yi ba. Ya karɓi biro, ya ja layi a ƙarƙashin "na kusa", ya sa hannu a minti ɗaya.

Nas ta juya takardar. "To, saura bayan. Akwai maganin da jikinsa ba ya so? Yana da hawan jini? Yaushe rabonsa da abinci?"

Ɗan ya tsaya riƙe da biro. Ya kalli takardar, ya kalli nas, sannan ya juyo a hankali.

"Dogo," ya ce ƙasa-ƙasa, "me zan rubuta?"