Kojo, Zo Mu Ci

Wannan labarin Damata ne, maƙwabciyarmu a Highbridge, wadda ƙanshin miyarta ke riga ta saukowa matakala. 'Yar Zangon Kumasi ce, kuma tun zuwanta New York aikinta ɗaya ne, kula da tsofaffi a gidajensu. Ta yi musu wanka, ta dafa, ta tsaya a kansu har su cinye. Da ƙafafunta suka fara kumbura, 'yarta Tahiratu, mai aikin jinya, ta sayo mata tikitin jirgin ruwan shaƙatawa, irin manyan nan da ke tashi daga gaɓar Manhattan su zaga tsibiran Karebiyan su dawo.

"Maa, abu ɗaya nake roƙon ki," in ji Tahiratu. "Ki zauna a yi miki hidima. Ki ci, ki dawo da kumatu."

Tikitin na mutum biyu ne, sai Damata ta ɗauki aminiyarta Zeinabou, 'yar Damagaram mai shagon kayan miya kusa da Fordham Road. Ranar haɗa kaya Zeinabou ta leƙa akwatin Damata, ta ga kwalbar shito, soyayyen yajin nan na mutanen Kumasi, da ƙunshin karan dafi da ɗan ƙullin kanwa a tsakanin zannuwa.

"Ke Damata, jirgin da aka ce kicin ɗinsa ya fi masallacinmu girma, shi za ki kai wa karan dafi?"

"Daga shagonki na saya, ai da kin hana ni. Ni ba na tafiya hannu sake."

Jirgin kuwa gari ne guda. Ɗakin cin abincinsa fitilu kamar ana biki, tebura da fararen ƙyallaye, cokula jere hagu da dama. Aka ba su teburinsu, aka ba su mai kula da su, wani dogon mutum mai furfura a gefen kunne, sunansa Kojo. Da ya ji Damata tana yi wa Zeinabou ƙorafin yawan cokula, sai ya sunkuya ya ce da Hausa, "Maa, ki fara da na waje, sauran za su jira."

Ashe ɗan Kumasi ne. Ba Bahaushe ba ne, amma a bakin Zango ya tashi, a gidajen Hausawa ya sha kokon safe. Matarsa da 'ya'yansa uku suna can, shi yana kan ruwa.

Ya kawo kifi gasasshe da man shanu da lemon tsami, ya ajiye, ya ja baya ya tsaya, hannuwa a baya. Damata ta ɗauki cokali, ta dube shi.

"Kojo, zo mu ci."

"Na ƙoshi, Maa."

"Me ka ci?"

Ya yi murmushi kawai. To ku da kanku kun san yadda aka raine mu. Ba a kai loma baki mutum na tsaye a kanka, balle ɗan gida. Damata ta tsakuri kifin nan, ta ajiye cokali. Washegari haka. Zeinabou tana share faranti har da neman ƙari, ita kuwa Damata sai ta koma ɗaki ta shafa shito a burodi.

"Aikinsa ne tsayuwar," in ji Zeinabou. "Ke ma ba haka kike tsayawa a kan tsofaffinki ba?"

"Shi ya sa na san yadda ƙamshin ke yi wa mai tsayuwa."

Ranar da aka yi babbar liyafar kyaftin, kowa ya ci ado. Damata ta sa leshinta ruwan zuma, ta kafa ɗauri. Aka kawo wani ƙaton jatan lande mai ƙafafu kamar kunama. Kojo ya ja baya zai tsaya, sai Damata ta miƙe, ta jawo kujera daga teburin kusa, ta kama hannun rigarsa ta zaunar da shi da ƙarfi, ta tura masa farantin.

Bai yi ko numfashi biyu a kujerar ba ya zabura. Amma shugaban masu hidima ya riga ya gani. Ya zo da murmushi, ya ba Damata haƙuri kamar ita aka yi wa laifi, ya tafi da Kojo bayan labule. Da Kojo ya dawo, fuskarsa ta canja.

"Maa, don Allah kada ki sake," ya faɗa ƙasa-ƙasa yana zuba ruwa. "A cikin jirgin nan ba ma zama da baƙi. An ja mini kunne. In aka kuma, a tasha ta gaba za a sauke ni."

Damata ta ji kunya har tafin ƙafarta. Amma da suka fito, ta ce wa Zeinabou, "Kin ji abin da ya ce? A cikin jirgin nan. Bai ce a ƙasa ba. Wallahi ba zan koma New York ba sai mutumin nan ya zauna ya ci abincin hannuna."

"Bon, kin fara," in ji Zeinabou da ɗan Faransancinta.

Da safe Damata ta tambaye shi, kamar hira, ko su ma suna sauka in an isa tsibiri. Ya ce suna samun ɗan lokaci bayan abincin rana, su zauna a inuwar bakin tasha su kira gida. Ta tambaye shi abin da ya fi kewa. Bai ko yi tunani ba.

"Shinkafa da wake irin ta Zango, Maa. Mai ja ɗin nan, da shito."

Tahiratu ta riga ta biya musu yawon tsibiri, a kwalekwale mai ƙasan gilashi, a kalli kifaye masu launi a sha ruwan kwakwa. Da jirgi ya tsaya, mutane suka yi layi da hulunan rana. Damata ta wuce layin da jakarta a hammata, ta nufi kasuwa. Zeinabou ta bi ta tana mita, tana waiwayen kwalekwalen.

Damata ta sayi shinkafa da wake da albasa da ɗanyen kifi. Abin da ya rage wuta da tukunya. A bayan kasuwa suka sami wata dattijuwa mai rumfar soya kifi. Damata ta gaishe ta, ta faɗa mata buƙatarta da Turanci. Matar ta dube ta daga ɗauri har takalmi, ta ce ba ta bai wa baƙon jirgi murhunta.

Damata ba ta yi gardama ba. Ta ga bokitin kifi a gefe ba a gyara ba, ta cire awarwaro ta miƙa wa Zeinabou, ta naɗe hannun riga, ta zauna a kan akwatin lemo ta hau kankare ɓawo. Matar tana kallo. Da bokitin ya kusa ƙarewa, matar ta tura mata wata baƙar tukunya da ƙafa.

Sai dai waken tsibirin nan taurin kai gare shi. Ya tafasa, ya tafasa, yana nan kamar tsakuwa. Rana ta karkata, kuma jirgi ba ya jiran kowa.

"Mu bar shi, mu saya masa soyayyen kifi," in ji Zeinabou. "In jirgin nan ya tafi ya bar ni, wa zai buɗe mini shago?"

"Ba kifi ya ce ba."

Ta kwance ƙullin kanwa ta jefa, ta ƙara itace, ta durƙusa da kumburarrun ƙafafun nan tana fifita da murfin bokiti, hayaƙi na sa ta hawaye. Da wake ya fara ba da kai, ta zuba shinkafa, ta nutsa karan dafi. Ruwan ya yi ja. Mai rumfa ta matso ta shinshina, ta tambayi sunan ganyen.

"Je ki kawo Kojo," Damata ta ce wa Zeinabou. "In ya ƙi, ki ce ba zan tashi daga nan ba, jirgi ya tafi."

Haka kuwa aka yi, ya ƙi da farko, yana tsoron kada a ce ya bi baƙi. Zeinabou ta ce masa nan ba jirgi ba ne, rumfar mutane ce, kuma ita ba ta da niyyar tsufa a tsibiri saboda shi. Ya biyo ta da rigarsa ta gida da silifa.

Ƙamshin ya tare shi tun daga nesa. Ya tsaya cak. Damata ta nuna masa benci, ta zuba masa a babban kwano, ta ɗora kifi, ta kwarara shito a gefe, ta miƙa masa ruwan wanke hannu. Sannan ta ja baya ta tsaya, hannuwa a baya, yadda yake yi.

Kojo ya kai hannu, ya fasa. Ya ɗago kai.

"Maa, ya zan ci kina tsaye? Zo mu ci."

"Ka ji ko?" in ji Damata. "Yanzu ka san abin da ke damuna."

Ta zauna. Zeinabou ta zauna, mai rumfa ma ta jawo kujerarta. Hannu huɗu a kwano ɗaya. Kojo ya ci har sai da ya ga ƙasan kwanon, yana ta share ido yana cewa shiton ne ya yi yaji. Jirgi ya busa ƙaho, suka tashi da gudu-gudu, Damata ta bar wa mai rumfa sauran karan dafin.

Da yamma a ɗakin cin abinci, Kojo ya fito cikin farar rigarsa, ya ajiye mata kifi, ya ja baya ya tsaya. Shugaban masu hidima yana can yana leƙe. Damata ba ta taɓa kujerar kowa ba. Ta ɗauki cokalin waje, ta ce a hankali, "Kojo, zo mu ci."

"Na ƙoshi, Maa," in ji shi, ya ɗan shafa ciki.

Ta dube shi, ta ga gaskiya ya faɗa. Ta yi bisimilla ta cinye kifin tas, ta ce ya ƙaro mata.